Aikin da ake gamawa kafin a je awo

Kwana 28 bayan shigar ciki, tsawon ɗan tayi bai wuce milimita biyar ba. A wannan lokaci wani ɗan fegin nama da ke bayansa ya riga ya naɗe ya zama bututu, ya rufe ta sama da ta ƙasa. Daga saman bututun ƙwaƙwalwa za ta fito, daga ƙasansa kuma laka. Idan bakin sama bai rufe ba, za a haifi jariri babu mafi yawan ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, kuma ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, sai a haife shi da ƙari ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, sau da yawa ƙafafu a shanye, fitsari da bayan gida ba sa riƙuwa. Ana yanke wannan hukunci ne a lokacin da matar ta yi ɓatan wata da kamar mako biyu, tana tantama ko ciki ne ko jinkiri. Ita kanta ba ta tabbatar ba, balle miji, balle malamar asibiti.

Rufewar bututun nan ita ce wa'adi na farko da ya fito fili, amma akwai wasu da yawa a bayanta. A shekarun baya-bayan nan masana sun samu hanyar leƙa abin da ƙwayoyin gado ke yi a ƙwaƙwalwar ɗan tayi mako bayan mako, kuma abin da suka gani shi ne jerin ayyuka, kowane da lokacinsa, masu nauyin cikinsu kuma a rabin farko na ciki suke faɗowa. A wajenmu kuwa rabin farkon nan shi ne lokacin da ciki yake sirri, asibiti bai san da shi ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa matan da suka fara zuwa awo a watanni ukun farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A ganina wannan giɓi ya fi duk abubuwan mamakin da ke cikin ilimin muhimmanci a gare mu. Amma sai an fahimci aikin sannan a gane girman giɓin.

Mutum yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma kusan kowane sel a jikinsa yana da cikakken jerinsu. Sel ɗin hanta da na ido da na ƙwaƙwalwa duk DNA iri ɗaya ne a cikinsu. John Gurdon ya nuna haka a Oxford a 1962. Ya cire cibiyar sel daga hanjin talibambam, ya dasa ta a ƙwan kwaɗon da aka lalata tasa cibiyar, sai ga cikakken talibambam yana iyo. Ke nan sel ɗin hanji bai zubar da umarnin yin ido ko ƙwaƙwalwa ba, ajiye shi ya yi bai taɓa ba. Sai bayan shekara 50 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Abin da ya raba sel da sel shi ne wace ƙwayar gado ce ke aiki a cikinsa, wacce ce a kwance, kuma da wane ƙarfi. Idan ƙwayar gado ta tashi aiki, sel yakan kwafi saƙonta zuwa wani sinadari mai suna RNA, daga RNA kuma a haɗa furotin. Don haka duk wanda ya auna RNA ɗin da ke cikin ɗan yankin nama ya san ƙwayoyin da ke aiki a wurin a lokacin da aka ɗauke shi. Masu tayar da ƙwayoyin da masu kwantar da su, su ma furotin ne da wasu ƙwayoyin gado suka haɗa tun da farko, kuma suna karɓar saƙo daga maƙwabtan sel da kuma sinadaran da ke tahowa daga jinin uwa. Ta wannan ƙofa ce abincin uwa da maganinta da gubar da ta shaƙa ke samun ta cewa a cikin lamarin.

A watan Oktoban 2011 mujallar Nature ta buga ayyuka biyu da suka sauya yadda ake kallon wannan fage. Na farko daga ɗakin binciken Nenad Šestan ne a Jami'ar Yale. Sun auna sassa 16 na ƙwaƙwalwa 57, tun daga ta 'yan tayi har zuwa ta tsofaffi. Sun ga kashi 86 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da suka duba suna aiki a ƙwaƙwalwa a wani lokaci na rayuwa, kuma kashi 90 cikin ɗari na waɗannan aikinsu yana sauyawa daga wuri zuwa wuri ko daga lokaci zuwa lokaci. Mafi yawan sauye-sauyen kafin haihuwa suke faruwa. Na biyu daga cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ya fito, sun duba gaban ƙwaƙwalwar mutum 269. Sakamakon ya zo daidai da na farko: babu wani lokaci a rayuwa, ko ƙuruciya ko balaga ko tsufa, da ƙwayoyin gado ke sauya aiki da saurin da suke yi a cikin mahaifa, kuma da yawa daga waɗanda suka yi sama kafin haihuwa sukan juya ƙasa a watannin farko bayanta.

A 2014 Cibiyar Allen da ke Seattle ta ƙara kusantar da ido. Masu bincikenta sun ɗauki ƙwaƙwalwar 'yan tayi huɗu, biyu na mako 15 zuwa 16, biyu na mako 21, suka yayyanka su sirara-sirara, suka yi amfani da hasken leza suna tsinto sassa kusan 300 daga kowace, suna auna RNA ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Suka zuba taswirar a intanet kyauta. Yau an wuce nan, ana auna sel guda-guda. A 2023 ƙungiyar Sten Linnarsson a Cibiyar Karolinska ta Siwidin ta fitar da bayanin sel fiye da miliyan ɗaya da rabi daga ƙwaƙwalwar 'yan tayi na mako 5 zuwa 14.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke saman, inda magana da lissafi da tsara al'amura suke. Kaurinsa milimita biyu zuwa huɗu ne kawai, amma yana ɗauke da sel ɗin jijiya kusan biliyan 16 a hawa shida, kuma ba a wurin ake haifar su ba. Can ciki ake haifar su, a bangon wasu kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda iyayen sel suke jere. Da farko iyayen nan kansu suke ninkawa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, ba su haifi jijiya ko ɗaya ba. Daga wajen ƙarshen wata na biyu sai tsarin ya sauya, su fara fitar da sel ɗin jijiya. Kowane uban sel yana da dogon zare da ya miƙe daga ciki har saman ƙwaƙwalwa, kuma sabon sel kan wannan zare yake kamawa ya rarrafa zuwa mazauninsa. Pasko Rakic ne ya bayyana wannan a 1972 daga ƙwaƙwalwar birai. Waɗanda aka fara haifa su ke zama a hawan ƙasa. Na bayansu dole su ratsa ta tsakanin yayyensu su wuce su zauna a sama, na bayan waɗannan ma haka, har hawa shida su cika daga ciki zuwa waje.

Ranar haihuwar sel ita ke yanke masa sana'a. Na farkon, masu zama a ƙasa, su ke aika dogayen jijiyoyi zuwa laka da sassan can ciki, da su ake motsa hannu da ƙafa. Na baya, masu zama a sama, su ke haɗa wani yanki na ɓawon da wani. Iyaye iri ɗaya ne ke haifar su duka, sai dai a tsakanin haihuwar wannan da wancan sun kwantar da wasu ƙwayoyin gado sun tayar da wasu, kuma ba sa komawa baya. Da zarar lokacin yin hawan ƙasa ya wuce, ya wuce. Kafin ciki ya cika wata shida an gama haifar mafi yawan waɗannan sel. Kowane manomi ya san cewa kyan iri ba ya rama shukar da ta wuce lokacinta, geron da aka zuba bayan ɗaukewar ruwa ko daga wane rumbu ya fito ba zai yi zangarniya ba. A nan ma ƙwayar gado tana iya zama lafiya ƙalau, amma in ta tashi aiki a makare, ko abin da take jira bai iso ba, aikin ya tafi. Idan kuma ƙwayar ce da kanta ta samu matsala, ana ganin abin ƙiri-ƙiri. Akwai wata mai suna LIS1 da ke taimaka wa sel wajen rarrafen nan. Yaron da aka haifa da nakasa a cikinta ƙwaƙwalwarsa kan fito sumul babu lanƙwasa, hawa huɗu maimakon shida, da farfaɗiya mai tsanani tun yana jariri.

Wannan tsari na ɗaukar lokaci shi ne ma babban abin da ya bambanta mu da dabbobi. Ɓera yana gama haifar jijiyoyin ɓawonsa cikin kamar mako guda, mutum kuwa watanni yake yi. Tun 1975 Mary-Claire King da Allan Wilson suka lura cewa furotin ɗin mutum da na birin cimfanzi sun yi kama da juna fiye da yadda za su iya bayyana bambancin halittun biyu, suka ce lallai bambancin yana ga yadda ake sarrafa ƙwayoyin gadon. Daga baya an samu 'yan ƙwayoyi da mutum kaɗai ke da su. Ɗaya ita ce ARHGAP11B, wadda ɗakin binciken Wieland Huttner a birnin Dresden na Jamus ya bayyana aikinta a 2015: tana sa iyayen sel su ƙara ninkuwa kafin su fara haihuwa. A 2020 suka haɗa kai da masana a Japan suka sa ta a cikin 'yan tayin wani ƙaramin biri mai sumul ɗin ƙwaƙwalwa, sai ɓawon ya ƙara girma ya fara lanƙwasa. A kwana 101 suka tsayar da gwajin, ba su bari an haifi biran ba, kuma ina ganin sun yi daidai.

Amfanin taswirar ya fara bayyana ne da aka ɗora cututtuka a kanta. A 2013 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Matthew State da ta Daniel Geschwind, suka ɗauki ƙwayoyin gadon da aka riga aka danganta da galahanga, suka tambayi taswirar a ina kuma yaushe waɗannan ƙwayoyi ke aiki tare. Amsar da ta fi fitowa ita ce ɓawon ƙwaƙwalwa, a watannin tsakiyar ciki. A 2014 wani bincike ya duba ƙwaƙwalwar yara 22 da suka rasu, ya ga wasu 'yan wurare da hawa-hawan ɓawon suka hargitse a 10 daga cikin 11 masu galahanga, da kuma ɗaya tak daga cikin 11 marasa ita. Yaran ba su da yawa, kuma bai kamata a ɗora wa binciken fiye da ƙarfinsa ba, amma hawa-hawan nan a cikin mahaifa ake jera su. Wannan yana da muhimmanci ga iyayen da sai ɗansu ya kai shekara biyu suke lura ba ya magana, ba ya kallon ido. Mutum yakan nemi dalili a abin da ya faru jiya: allurar rigakafi, zazzaɓi, faɗuwa daga gado, ko a ce an yi masa baki, ko a kira shi ɗan ruwa. Alamar ce ta makara, domin sai lokacin da ake jiran yaro ya yi magana ake gane ba ya yi. Tushen ya girmi duk waɗannan abubuwa da ake zargi.

Yanzu ga abin da ke shigowa daga waje. Sinadarin aidin shi ne misali mafi tsabta. Da shi jiki ke haɗa ruwan da ƙululun maƙogwaro ke fitarwa, kuma wannan ruwa aikinsa a cikin sel shi ne tayar da ƙwayoyin gado kai tsaye, har da masu kula da rarrafen sel zuwa mazauninsu. Ɗan tayi ba ya iya haɗa isasshen nasa sai wajen tsakiyar ciki, kafin nan na uwa yake amfani da shi. A wani gwaji da aka buga a 1971 daga tsaunukan Papua New Guinea, inda maƙoƙo ya yi katutu, Peter Pharoah da abokan aikinsa sun ga cewa allurar aidin tana hana haihuwar yara masu mummunar nakasar ƙwaƙwalwa idan an yi wa mace kafin ta ɗauki ciki. Idan cikin ya riga ya yi nisa, ba ta hanawa. Maganin bai canza ba, lokacin ba da shi ne ya raba sakamakon.

Maganin farfaɗiya mai suna valproate misali ne ta ɗaya ɓangaren. Yana da kyau wajen tsayar da farfaɗiya, amma yana toshe wani furotin da ke kula da naɗewar DNA, wanda shi ke sa wasu ƙwayoyin gado su zauna a kwance. Kusan ɗaya cikin goma na yaran da aka yi cikinsu ana shan sa suna zuwa da nakasa a jiki, kuma kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari suna samun matsalar koyo ko ɗabi'a. Ya zama babbar badaƙala a Faransa, kuma a 2018 Tarayyar Turai ta tsaurara dokar ba wa matan da ke shekarun haihuwa. Mai shan sa kada ta yanke shi da kanta, domin farfaɗiya a kan ciki ita ma kisa take yi. Abin da ake so shi ne likita ya sauya mata tun kafin cikin ya shiga, wanda ke nufin sai wani ya yi mata tambayar tun kafin nan. Cutar Zika da ta auka wa arewa maso gabashin Barazil a 2015 ta nuna wata hanyar: ƙwayar cutar iyayen sel ɗin nan take nema ta kashe, shi ya sa aka riƙa haifar jarirai da ƙananan kawuna, kuma ɓarnar ta fi muni ga waɗanda sauro ya ciji iyayensu mata a farkon ciki.

Dalma kuwa ba labarin nesa ba ne. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. An ƙirga waɗanda suka mutu, amma dalma tana ratsa mabiyiya, kuma wadda ta taru a ƙashin yarinya tana iya komawa jininta bayan shekaru, lokacin da ta samu ciki jiki yana kwasar sinadarin ƙashi don gina na ɗan tayi. 'Yan matan da suka sha wannan ƙura suna yara yanzu sun kai aure. Ko kwallin da ake sa wa jarirai da amare, irin na dutse, an auna an samu dalma mai yawa a cikinsa.

Sai yunwa. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan. Da yake ƙasar tana da rajistar haihuwa da ta asibiti mai kyau, an iya bin yaran har girmansu. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar sun ninka sauran wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani irin na sikizofreniya. An samu kusan irin wannan ninki ga waɗanda aka haifa a yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961. A wani bincike da aka buga a 2008 an auna jinin waɗancan mutanen Holan, suna da kusan shekara 60 a duniya, aka ga wasu alamomin da ke manne a kan wata ƙwayar gado mai kula da girma, masu sarrafa aikinta, sun bambanta da na 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba a yi cikinsu a yunwa ba. Kusa da mu, a ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, masu bincike sun nuna a 2014 cewa irin waɗannan alamomi sun bambanta tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin gona ya yi yawa, da waɗanda aka ɗauka da rani. Duk wanda ya san watan Agusta a karkarar Katsina ko Maraɗi ya san wannan yanayi. Sai dai a jini da gashi aka auna alamomin, ba a ƙwaƙwalwa ba, kuma binciken bai ce ɗan damina ya fi ɗan rani ko ya gaza shi ba.

Irin wannan taka-tsantsan ya kamata ya bi dukan fagen. Taswirar da ake ta yabo a 2014 daga ƙwaƙwalwa huɗu aka zana ta. Naman da ake aiki da shi yawanci daga cikin da aka zubar yake fitowa, da izinin matan, ta hannun cibiyoyi kamar wadda ke Newcastle da Landan, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin haka ya auna da nasa ma'auni. A Amurka kanta rigimar ba ta kwanta ba: gwamnati ta taƙaita irin wannan bincike a 2019, wadda ta gaje ta ta sassauta a 2021. Watanni ukun ƙarshe na ciki kuma samfurinsu ya yi ƙaranci ƙwarai. An fara cike giɓin da 'yan dunƙulen nama masu kama da ƙwaƙwalwa da ake renonsu a kwalba, hanyar da Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich suka fito da ita a Vienna a 2013, amma ba su da jini, ba su da uwa, ba su san yunwa ko zazzaɓin cizon sauro ba. Ga kuma batun su wa aka auna. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da ke cikin manyan binciken ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi biyu zuwa uku ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Babban jadawalin ginin ƙwaƙwalwa na ɗan Adam ne baki ɗaya, wannan babu shakka. Amma duk kamfanin da ya ce zai duba DNA ɗin ɗan Bahaushe ya faɗi basirarsa ko haɗarin taɓin hankalinsa, kuɗi kawai yake nema.

Kuma kada a ɗauka cewa da haihuwa bakin alƙalami ya bushe. Ƙwaƙwalwar jariri kamar kashi ɗaya cikin huɗu ce ta nauyin ta babba, kuma mafi yawan haɗe-haɗen jijiyoyi bayan haihuwa ake ƙulla su. A Kingston ta Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya wuce a ciki ba ya dawowa, amma abin da ya rage a yi yana da yawa.

Babban abin da nake tsoro shi ne a mayar da wannan ilimi sanda a doki uwa. An taɓa yi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce manyan likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun ɗora galahanga a kan iyaye mata, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba, kuma an ɗauki shekaru kafin a janye wannan ƙazafi. A gidajenmu ma in aka haifi yaro da nakasa, dangin miji sun san inda suke fara kallo. To ga abin da ƙwayoyin gado suka ce: kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye kusan 60 a DNA ɗinsa waɗanda babu su a jikin iyayensa, kuma binciken da aka yi a Iceland a 2012 ya nuna mafi yawansu daga maniyyin uba suke, suna ƙaruwa da kamar biyu a duk shekarar da uban ya ƙara. Yawancinsu ba sa cutarwa, kuma mafi yawan 'ya'yan dattawa lafiyarsu lau. Na kawo shi ne don a san cewa lissafin ba a gefe ɗaya yake ba. Sauran abubuwan kuma, gishiri da cefane da kuɗin mota zuwa asibiti da izinin fita, a yawancin gidaje a hannun maigida suke. Wanda ya zargi matar da ba ita ke zuwa kasuwa ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da za a iya yi ba shi da tsada, kuma an san shi tuntuni. A 1991 wani babban gwaji da Nicholas Wald ya jagoranta daga Ingila ya nuna cewa folik asid yana rage maimaituwar nakasar bututun jijiya da kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri. A shekarar da ta biyo aka nuna a Hungary cewa yana kare masu cikin da ba su taɓa samun matsalar ba. Shawarar da ake bayarwa ita ce maikirogiram 400 a kullum, a fara aƙalla wata guda kafin ciki. A asibitocinmu ana bayar da shi tare da maganin ƙarin jini a ranar awo. Yana da amfani ga jinin uwa, amma a wata na biyar, ta fuskar bututun nan, ihu ne bayan hari. Wake da alayyafo da gyaɗa da hanta suna da shi, sai dai doguwar dahuwa tana cinye rabo mai yawa, kuma da wuya abinci kaɗai ya kai ma'aunin da ake so.

Ba na ganin amfanin yi wa amarya wa'azin ta daina kunyar cikin fari. Kunyar ta girmi asibiti, kuma ko ta faɗa ranar da ta gane, kwana 28 sun kusa cika. Hanya ita ce a same ta kafin nan, kuma wuraren samunta suna nan. A watan Mayun 2024 Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta duba rukunin jini na sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ango da amarya suna zuwa gaban ma'aikacin lafiya makonni kaɗan kafin ɗaurin aure, a daidai lokacin da ilimin nan ya ce a same su. Babu abin da zai hana a miƙa wa amarya folik asid na wata uku tare da takardar sakamako, a tambaye ta ko tana shan maganin farfaɗiya ko na ciwon suga, a ce wa ango, “Malam, gishirin leda mai aidin za ka riƙa saye, kuma a rufe shi a ajiye nesa da murhu.” Ga masu haihuwa ta biyu da ta biyar kuwa, akwai layin rigakafin yara. A arewa maso yamma, inda binciken 2018 ya nuna mace tana haihuwar yara fiye da shida a tsawon rayuwarta, matar da ke kan benci da goyon wata tara ita ce mai cikin baɗi ko na shekara mai bi mata.

Ƙasashen da suka fi cin nasara ba su dogara da kowa ya tuna shan ƙwaya ba, a cikin gari suka zuba sinadarin. Amurka da Kanada sun wajabta haka a 1998, kuma a Kanada nakasar ta ragu da kusan rabi. Ingila, inda aka jagoranci gwajin, sai a 2021 ta sanar za ta bi sahu. Matsalarmu ita ce wannan hanya ta manyan masana'antun fulawa ce. Tuwon da ake ci a yawancin gidajen Arewa da na Nijar daga masara da dawa da gero yake, waɗanda yarinya ke ɗauka a kwano ta kai injin niƙa na bakin layi, kuma babu dokar masana'anta da ke isa can. A Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Sanku tana ɗaura wa ƙananan injinan niƙan masara wata 'yar na'ura mai auna sinadaran tana zubawa daidai da nauyin hatsin da ke wucewa. Ana iya gwada irinta a ƙaramar hukuma ɗaya, a fara da masu niƙa suna ƙullawa a leda don sayarwa, tunda su suka fi sauƙin sa ido. Sai an samu wanda zai biya kuɗin na'urar da na sinadarin, domin mai inji ba zai ƙara farashin niƙa a kan abin da abokin cinikinsa ba ya gani ba, sannan a samu ma'aikacin da zai riƙa zagayawa yana ɗibar garin ana aunawa.